Sunan Darakta na Biyu

Litinin, 13 ga Satumba 1954, ƙarfe goma na safe

Na sayi littafin nan ne don rubuta fitar motoci da dawowarsu, amma daga yau zan riƙa sa wata magana a ciki, don kada nan gaba wani ya ce ba haka aka yi ba.

Da sassafe Veronica, matar tsohon akawuna Ambrose, ta tako har Fagge. Ita ce yanzu take ɗinki a ɗakin da yake ofishina a da, a Titin Faransa cikin Sabon Gari. Ta ajiye mini wasiƙu uku a kan tebur, da Gazet ɗin Gwamnati guda, an ja layi da jan fensir a wani shafi.

Na ce, "Madam, lafiya dai?"

Ta ce, "Alhaji, ni ɗinki na sani. Maigidana ya ce in kawo, ya ce ka karanta yau, ba gobe ba. Tun Afrilu wasiƙun nan suke zuwa shagona. Sau biyu ina aiko maka, ana ce mini ba ka karɓar komai daga tsallaken titi."

Ban tuna na faɗi haka ba. In ma na faɗa, ba wasiƙun Gwamnati nake nufi ba.

Na ba ta kujera, ta ce tana da rigar amarya a kan keke. Ta tafi.

Ga abin da ke ciki. Rajistaran Kamfanoni na Ikko ya ce bai ga takardar shekara ta kamfanina ba, ta bara da ta bana. Ya rubuto sau biyu yana tambaya ko kamfanin yana aiki, ba a amsa ba. Saboda haka ya buga a Gazet ran 8 ga Yuli cewa bayan wata uku, watau Juma'a 8 ga Oktoba, zai goge Kyari and Son Limited daga kundinsa.

Wai ko kamfanin yana aiki! Ya zo Fagge da asuba ya ji tashin motoci uku.

Kwana ashirin da biyar ke nan. Ba wani abu ba ne. Ni da na fara daga wanke tayar motar wani, takarda ba za ta kayar da ni ba.

Talata, 14 ga Satumba, bayan azahar

Na je wurin akawun lauyan da ya yi mini rajista a 1947. Ya tsufa, amma bakinsa na nan. Ya karanta Gazet ɗin sau biyu, ya cire tabarau.

Ya ce, "Alhaji, motocin nan da sunan wa suke?"

Na ce, "Da sunan kamfani. Kwangilar jigilar gyaɗa ta bana ma haka."

Ya ce, "To, in aka goge kamfani, a idon doka ya mutu, kuma bai bar magaji ba. Kwangila ta faɗi. Motoci kuwa sai su zama na Sarauniya har ka je babbar kotu ka roƙa a tashe shi, ka ga kaka ta wuce."

Na yi dariya. Sarauniyar Ingila ta gaji motocina ina raye ina cin goro! Shi bai yi dariya ba.

Na ce ya ba ni fom in cike. Na yi shekara biyu a makarantar da yanzu ake ce wa Midil kafin mahaifina ya rasu, Turancin fom ba ya ba ni tsoro. Ya ce ba cikewa ce matsalar ba. Sai an yi taron shekara na masu hannun jari, an rubuta abin da aka zartar, shugaba ya sa hannu. Sai a buga jerin sunayen masu hannun jari da daraktoci, da adireshinsu da sana'arsu, sakatare ya sa hannu. Sai kuma takardar sanar da cewa ofis ya tashi daga Sabon Gari ya koma Fagge, wadda ya kamata a ce ta tafi tun makon da na ciro allona.

Ya ce, "Wa ye sakatarenka?"

Na ce, "Ba ni da sakatare."

Ya ce, "A Fagge ba ka da shi. A Ikko kana da shi, sunansa Ambrose. Masu hannun jari fa?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Mutum ɗaya ba ya taro, Alhaji. Kai da ɗanka ne. Shi ne kuma darakta na biyu."

Na ce to a cire su a sa waɗansu. Ya ce ana iya yi, amma sai an yi taro. Taro kuma sai da mutum biyu.

Turawa ke nan. Sun gina ɗaki, sun sa makullin a ciki.

Laraba, 15 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Motoci biyu sun tafi Gumel, ɗaya Ringim. Duk lafiya. Ban gaya wa direbobi komai ba. Ban roƙi kowa ba.

Laraba, bayan magariba

Hajja ta kawo abinci ta zauna, abin da ba ta saba ba. Shekara talatin muna tare, na san zamanta na magana.

Ta ce, "Alhaji, na ji an ce matar Akawu ta zo."

Na ce, "Ta zo."

Ta ce, "Ba ta ce komai a kan mutanen can ba?"

Mutanen can. Mutum ɗaya take nufi, ni da ita mun sani. Ɗanta na fari ne, ba za ta kama sunansa ba ko a gaban alƙali. Wata goma sha shida ke nan da barinsa gidan nan, ba ta tambaye ni shi ba, ni ma ban ce mata komai ba. Amma na san duk Alhamis ana dafa abinci fiye da na mutanen gidan nan, na kuma san kwano guda yana fita ta ƙofar baya. Ni ba makaho ba ne.

Na ce, "Maganar kamfani ce, ba ta cikin gida ba."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta ɗauke ruwan wanke hannu tun ban wanke ba.

Alhamis, 16 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya

Na ciro kwafen takardar 1952 daga akwatin ƙarfe. Ga sa hannun Ambrose, mai wutsiya kamar ta kunama. Ga na ɗana Babagana a ƙasa, B. Kyari, harafi shida ne kawai, ba wuya. Wa zai gane a Ikko?

Na gwada sau huɗu a bayan wata tsohuwar ambulan. Na huɗun ya yi kama ƙwarai.

Alhamis, la'asar

Na ƙona ambulan ɗin. Ban yi ba. Ba tsoro ba ne, ban dai taɓa sa kayan jabu a motata ba.

Asabar, 18 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Na je Sabon Gari. Wannan ne shigata ta fari tun rikicin bara tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu. Na sa babbar riga ta shadda, na tafi a ƙasa, don kada a ce na zo a ɓoye.

Ambrose yana gindin wata bishiya kusa da gidan waya, da tebur da tafireta, yana buga wa mutane wasiƙu. Ya rame kaɗan. Tafiretar tasa ce, ba ta kamfani ba, na duba.

Ya hango ni ya miƙe, ya ce, "Alhaji Limitad da kansa! Ku ba shi benci."

Direbobi ne suka laƙaba mini wannan suna ranar da aka kafa allo, ban taɓa hana su ba.

Muka gaisa. Na tambayi iyali, ya ce suna lafiya, har an samu ƙaruwa bara, 'ya mace, Chinyere. Na ce Allah ya raya. Ban ji labarin haihuwar ba. Ko na ji, ban tuna ba.

Na ce, "Akawu, na ga jan fensirinka."

Ya ce, "Duk mako ina karanta Gazet, sana'ata ce. Da na ga sunan sai da na cire tabarau na goge."

Na ce, "Ka san ba roƙo na zo yi ba. Aiki ne, a yi shi yadda doka ta ce."

Ya ce, "Na sani, Alhaji. Kai ba ka roƙo, kuma ba a roƙonka. Na gwada sau ɗaya."

Na bar wannan ta wuce. Mutane na jira a benci, ba wurin tone-tone ba ne.

Ya ce zai yi. Ya ce shekara biyar yana aika takardar nan, ba ta taɓa makara ko da kwana ɗaya ba, kuma har yau sunansa ne a Ikko a matsayin sakatare, ba ya son wani akawu can ya ɗauka Ambrose bai san aikinsa ba. Wato don sunansa zai yi, ba don ni ba. Hakan ma ya fi mini.

Nan take ya sa takarda a tafireta, ya buga sanarwar taro zuwa ga darakta na biyu. Shugaba ne ke sa hannu. Ɗan da aka yanka wa rago a tsakar gidana, ga ni ina rubuta masa "Ya mai girma Darakta, ana gayyatarka". Ban tambayi adireshi ba. Ambrose ya buga bai ɗaga kai ba, na leƙa, ashe lambar gidan shi Ambrose ɗin ce, ɗakin baya. Sana'a: akawun sito, reluwe.

Akawun sito. Mai rabin kamfani.

Litinin, 20 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Amsa ta zo a rubuce, layi biyu. Darakta ya yafe kwana bakwai na sanarwa, zai halarta gobe ƙarfe huɗu, a ofishin da ke cikin rajista.

Wato shagon ɗinki. Na tambayi akawun lauya, ya ce darakta yana da hujja, tunda ba a sanar da tashi ba. Ya san doka. A wurina ya koya.

Talata, 21 ga Satumba, bayan magariba

An yi taron shekara na Kyari and Son Limited tsakanin keken ɗinki biyu. Veronica ta kwashe yaduka daga teburin yanka ta shimfiɗa masa zane. Rigar amarya tana rataye a ƙusar da nake rataye kalandata. 'Yar jaririyar tana yawo a ƙarƙashin tebur tana jan igiyar takalmina.

Darakta ya riga ni zuwa, da farar riga da gajeren wandon ma'aikata. Ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni, "Baba, ina wuni." Na amsa. Ya tashi ya zauna a kujera daidai da tawa, ya ce, "Shugaba, mun cika, ana iya farawa." Daga nan bai sake ce mini Baba ba.

Ya yi ƙiba. Kwanon Alhamis yana aiki.

Komai ya tafi daidai. Ambrose ya karanta bayanin taron 1952, aka amince. Aka amince da komawar ofis Fagge. Aka sake naɗa daraktoci da sakatare. Ni na jagoranta da Turanci, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina shirin rufewa sai Ambrose ya ce, "Sauran batutuwa."

Na ce, "Babu."

Darakta ya ce, "Akwai guda, Shugaba."

Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu. Layi uku ne. Yana so a rubuta a littafin taro cewa motar kamfani ta huɗu ta fita ran Lahadi 17 ga Mayu 1953 da izinin darakta, a kan aikin kamfani, wato kai iyalan ma'aikacin kamfani da maƙwabtansa inda za su tsira, kuma asararta a hanyar dawowa asarar kamfani ce, ba laifin kowa ba.

Na ce, "Wannan ba ya cikin abin da Ikko ta nema."

Ya ce, "Ba Ikko ce ta kira ni da abin da aka kira ni a gaban direbobi ba."

Ambrose yana kallon bakin alƙalaminsa kamar yau ya fara ganinsa. Veronica tana bakin ƙofa da almakashi a hannu, ta ce, "Alhaji, ni ba darakta ba ce, amma mu goma sha ɗaya ne a motar nan. In ka ƙidaya wadda ke taka maka ƙafa, sha biyu, don a cikina take."

Na ce, "Madam, ba ki da bakin magana a taron nan."

Ta ce, "Shagona ne, ni ke biyan haya." Ta koma kan kekenta.

Na yi tunani irin na shugaba. Mota ce ta kamfani ta fita ba ta dawo ba. Dole littafi ya nuna inda ta tafi, in ba haka ba littafi ya yi ƙarya. Kuma darakta yana da ikon ba da izini, haka yake a dokokin da ni da kaina na biya aka rubuta. Don haka ba wani abu na janye ba. Gyaran littafi ne kawai.

Na ce, "Sakatare, rubuta."

Na sa hannu. Ɗigon da ke gefen sa hannun ba laifina ba ne, alƙalamin Ambrose ne yake zubar da tawada.

Daga nan Ambrose ya buga jerin sunaye, kowa ya faɗi sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Lokacin da aka zo kan darakta na biyu na fita waje duba hadari. Da na dawo na karanta takardun duka kafin a buga hatimi, kowane layi, in ban da guda.

Darakta ya raka ni har bakin titi, yana bayana da taku biyu. Ya ce, "A gaida Inna." Na ce za ta ji.

Laraba, 22 ga Satumba, ƙarfe goma

Takardu sun tafi ta jirgin sama, na riƙe rasit. Saura kwana goma sha shida a wa'adi, ni kuwa na gama. Ban roƙi kowa ba.

Na gaya wa Hajja ana gaishe ta daga can. Ta ce, "Ina amsawa," ta shiga ɗaki ta daɗe.

Litinin, 27 ga Satumba, la'asar

Shiru. Ikko ba sa sauri, ba wani abu ba ne. An sake wa mota ta biyu taya.

Alhamis, 30 ga Satumba, ƙarfe sha biyu

An dawo da takardun.

Alhamis, bayan la'asar

Zan rubuta shi dalla-dalla, don laifin ba na Ikko ba ne, kuma ban ce nawa ne ba.

Rajistara ya karɓi sanarwar tashin ofis, shi ya sa wasiƙar ta same ni a Fagge. Amma ya ƙi takardar shekara. Ya ce a kundinsa mai hannun jari na biyu Babagana Kyari ne tun 1947. Yanzu ga wani suna dabam a jerin, ga wani sa hannu dabam, ba takardar sayar da hannun jari, ba sanarwar sauya darakta. Yana tambaya ina Babagana Kyari ya tafi, wane ne kuma wannan sabon mutum. Wa'adin 8 ga Oktoba yana nan yadda yake.

Abin da ya faru shi ne, a 1947 da akawun lauya ya tambaye ni sunan mutum na biyu, na ce Babagana. Me zan ce? Ɗana ne na fari, kuma sunan mahaifina aka raɗa masa. Mu mutanen Barno, da Hausawan da muka zauna cikinsu, ba wanda zai buɗe baki ya kira wannan suna. Babagana muke cewa, wato ƙaramin baba. Akawun ya rubuta, yaron ya sa hannu yadda na ce masa, shi ke nan. Shekara bakwai ba wanda ya ce uffan.

To, a reluwe da sunan yanka suka ɗauke shi, shi ne a takardarsa ta makaranta. Ranar taro shi ya faɗa wa Ambrose, da shi ya sa hannu.

Na tafi gindin bishiya da wasiƙar. Na ce, "Akawu, kai da ka buga B. Kyari sau biyar, ba ka ga bambanci ba?"

Ya ce, "Na gani. Na tambaye shi, ya ce sunansa ke nan, ya gaji da aron na wani. Na ce to Shugaba zai karanta, in da gyara ya faɗa. Ka karanta, Alhaji. Ina kallonka."

Na ninke wasiƙar na sa a aljihu.

Ya ce hanya ɗaya ce ta rage. Takardar rantsuwa a gaban majistare, cewa sunayen nan biyu mutum ɗaya ne, kuma wanda ya ba da sunan farko shi zai rantse, ya faɗi dalili. Wato ni. An sa mu Litinin.

Na ce, "Sa hannu ne kawai?"

Ya ce, "Wannan majistaren sai ka karanta da bakinka. Ba ya yarda mutum ya rantse a kan abin da bai furta ba."

Juma'a, 1 ga Oktoba, bayan saukowa daga masallaci

Na tari Liman a soro, na tambaye shi kamar maganar wani ce. Ya ce babu haramci, al'ada ce da kunya, kunya kuwa abu ne mai kyau, amma ba a rushe gida saboda ita. Ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa mutumin nan naka ya yi bisimilla ya faɗa, Alhaji." Ya yi murmushi. Fagge ba a ɓoye komai.

Asabar, 2 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Na gaya wa Hajja duka, tun daga Gazet. Ta saurara tana tsince shinkafa.

Ta ce, "A gaban mutane?"

Na ce, "A gaban Bature da akawunsa."

Ta ce, "Shi kuma yana wurin?"

Na ce, "Dole."

Ta ce, "Ni dai ko motocin duka za a kwashe, bakina ba zai iya ba. Amma kai namiji ne, ka yi boko." Ta ajiye faifan, ta ce, "Alhaji, sunan da ka kira shi da shi a gaban direbobi ya fi wannan nauyi, kuma ya fita."

Shekara talatin ba ta taɓa yi mini irin wannan magana ba. Na fita duba motoci.

Lahadi, 3 ga Oktoba, azahar

Na shiga gareji na rufe ƙofa, ni kaɗai da motar Ringim. Na gwada. Harafin farko na sunan yana fita.

Ba wani abu ba ne.

Litinin, 4 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Mun shiga ofishin majistare ƙarfe sha ɗaya, ni da Ambrose da darakta. Bature ne matashi, mai jan kunne, fanka tana juyawa a kansa. Akawunsa ya miƙo mini Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle, na yi alwala tun daga gida.

Na fara karantawa, muryata a tsaye. Ni Kyari, shugaban kamfani kaza, mazaunin Fagge, na rantse cewa mutumin da aka rubuta a 1947 da sunan Babagana Kyari shi ne dai wannan da ake kira... Na tsaya. Na sa yatsa a kan layin, na juya takardar wajen Bature, na ce, "Ga shi nan."

Ya ce, "Na gani. Karanta."

Na ce ko akawu zai karanta, ni in ce haka ne. Ya ce ba akawu ne mai rantsuwa ba. Ambrose ya matsa ya yi masa bayani a hankali, cewa sunan mahaifina ne, kuma ɗan fari ne. Baturen ya ce ya fahimta, yana girmama al'ada, amma takarda ce da take cewa suna kaza na mutum kaza ne, in ban faɗi sunan ba to ban rantse a kan komai ba. Gaskiyarsa. Da ni ne a kujerarsa haka zan ce. Ya duba agogo, ya ce yana da shari'a sha ɗaya da rabi.

Rabona da jin sunan nan a gidanmu tun ranar suna, da liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya. Kafin nan kuwa sai ranar da aka yi wa mahaifina salla. Na tuna tsohon da buhun kanwa a ka, daga tasha zuwa kasuwa, shi da bai taɓa hawa mota ba. Na ce a raina, Baba, ka yi haƙuri, motocin jikanka ne.

Na yi bisimilla. Na ce, "Modu."

Ya fita da ƙarfi fiye da yadda na so, kamar mai kira daga ƙofar gida.

Daga bayana aka ce, "Na'am, Baba."

Bai yi niyya ba, na sani, bakinsa ne ya riga shi. Akawun kotu ya tuntsire da dariya, ya rufe baki da fayil. Baturen ya ce, "To, ga shaida ta amsa da kanta." Ni ban juya ba. Na ƙarasa karatun har ƙasa, na sa hannu, aka manna kan sarki, aka buga hatimi. Da na juyo ya fita baranda, yana kallon bango, yana gyara wuyan rigar da ba abin da ya same ta.

Ga shi na rubuta ma. Rufin kotu bai faɗo ba, littafin nan bai kama da wuta ba.

Ambrose ya ce kada a sake ba gidan waya, kwana huɗu ne kacal, a samu mutum ya kai da hannu ya karɓo rasit. Na ce zan tafi da kaina. Darakta ya ce, "Baba, ina da fas na reluwe, kuma na san ofishin. Ka zauna wurin motoci." Jirgin ƙasa na gobe yana isa Ikko Alhamis in Allah ya kiyaye hanya.

Na miƙa masa ambulan ɗin da takardar rajista ta asali, wadda ban taɓa bari ta kwana a wajen akwatina ba. Tsarin aiki ne. Darakta ne.

Talata, 5 ga Oktoba, la'asar

Jirgi ya tashi a kan lokaci. Ban je ba, aka gaya mini. Hajja ta yi dambun nama cikin gwangwani, wannan karon ta ƙofar gaba ya fita.

Laraba, 6 ga Oktoba, ƙarfe goma

An ce an yi ruwa sosai kudu da Minna. Gadojin reluwe ƙarfe ne, na san wanda ya yi jigilar simintinsu. Ba wani abu ba ne.

Na aika wa Ambrose cewa akwai tebur a Fagge in yana so. Ya aiko cewa bishiyarsa ta fi iska, amma aikin sakatare yana hannunsa, kuma taron baɗi ran 1 ga Maris ne, in rubuta a kalanda. Na rubuta.

Alhamis, 7 ga Oktoba, bayan magariba

Shiru.

Juma'a, 8 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya da kwata

Waya ta iso daga Ikko. Jirgi ya makara awa tara, ya kai takardu yau da buɗe ofis. An karɓa, an ba da rasit, an janye sanarwar gogewa. Kamfani yana nan.

Na faɗa tun farko, takarda ba za ta kayar da ni ba. Na sa an wanke allon ƙofa da sabulu. Direbobi suna tambaya ko biki ake yi, na ce su je su duba mai.

Juma'a, la'asar

Jirginsa yana shigowa Lahadi da hantsi. Ni ma dama ina da waɗansu buhuna da zan duba a tashar jirgi ran Lahadi. Hajja ta ce ai ba a buɗe sito ran Lahadi.

Ban tambaye ta ba.